Kaushin Jimina da Rezar Gafiya

An yi wata Jimina mai ji da kanta, wadda suke zaune gida ɗaya da Agwagwa a bakin wani tafki. Jimina ba ta son a gaya mata komai. Ita kuwa Agwagwa akwai mita, amma ba ta da ƙeta ko kaɗan.

Duk dajin babu mai tsawon ƙafa irin Jimina, sai dai kaushi ya cinye mata dunduniya, har faso ya fara tsattsage ta. In ta hau gado, sai ta sauko da zaren zanen gado maƙale a ƙafa.

"Yaya, kin sake yaga mini tabarma!" in ji Agwagwa wata safiya. "Don Allah ki jiƙa ƙafar nan ki goge. Bakina har ya gaji."

Jimina ta ce, "Tabarmarki ce ruɓaɓɓiya. Ke da kike tafiya kamar kin ɗauko tulu, ke za ki koya mini gyaran ƙafa?"

Agwagwa ta yi tsaki, ta naɗe tabarmarta.

Ana nan sai bikin 'yar ƙanwar Jimina ya matso. Uwar yarinyar ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka Jimina ce uwar biki, ita za ta shige gaba a kai amarya ɗakinta. Ta riga ta cika gari da cewa ranar kowa zai ga lallen da bai taɓa gani ba.

Saura 'yan kwanaki biki, Agwagwa ta kwaɓa lalle za ta yi mata ƙunshi. Tana ɗaga ƙafar ta saki baki.

"A kan wannan zan sa lalle? Ai duk cikin faso zai shige, ki tashi da ƙafa kamar busasshen tafki."

A ranar ce hankalin Jimina ya tashi. "To, yaya za a yi?"

Agwagwa ta kawo ruwan ɗumi a baho, da dutsen goge kaushi, da man kaɗanya. Ta ce, "Ki tsoma ƙafa har fatar ta yi laushi, ki goge a hankali, ki shafa mai. Gobe ki sake, jibi ma haka. Kafin biki za ki ga canji."

Jimina ta tsoma ƙafa. Ruwan ko hucewa bai yi ba ta zare, ta goga dutsen sama-sama, ta duba.

"Ba abin da ya fita!"

"Yaya, yanzu fa kika fara!"

"Ni ba ni da lokacin wasa da tsakuwa." Ta yi jifa da dutsen bayan ɗaki.

Sai ga Gafiya ta shigo da faifan koli a ka. Ita Gafiya, bakinta ya fi kayanta kyau. Tun daga zaure ta ji gardamar, don haka ta sauke faifai tana murmushi.

"Hajiya babba, irinku ai ba a ba ku dutse. Ga reza sabuwa dal. Ga kuma magani a kwalba, ɗigo kaɗan yake narkar da kaushi. Wanne za ki ɗauka?"

Jimina ta ce, "Duka biyun."

Agwagwa ta dafe kai. "Reza a ƙafa? Wannan kwalbar kuma ko suna babu a jikinta! Gafiya, mene ne a ciki?"

"Sirrin sana'a ne," in ji Gafiya. Ta karɓi kuɗinta, ta fice da sauri.

"Yaya, na roƙe ki..."

"Baƙin ciki kike yi, kada na fi ki kyau ranar biki." Jimina ta shige ɗaki, ta turo ƙofa.

Da farko abin ya yi mata daɗi. Tana sa reza, kaushi yana zubowa kamar ɓawon rogo. Ta ce a ranta, ashe abin ma ba wuya. Ta ƙara yanka, ta ƙara, har ta wuce mataccen wuri ta kai ga nama. Jini ya tsattsafo. Maimakon ta tsaya, sai ta ce bari maganin ya ƙarasa sauran. Gafiya ta ce ɗigo kaɗan, ita kuwa ta tuttule kwalbar gaba ɗaya.

Ihun da ta yi sai da tsuntsayen bakin tafki suka watse.

Agwagwa ta banke ƙofa, ta same ta tana birgima. Ta ja ƙafafun ta yi ta kwara musu ruwa, tana wankewa tana faɗa.

"Na ce ko ban ce ba? Tsaya mana! Daina shure-shure, za ki karya ni!"

Ta ruga ta kira mai magani. Ya duba, ya ɗaure ƙafafun da tsumma mai tsabta, ya ce kada ta kuskura ta taka ƙasa sai ciwon ya rufe. Aka nemi Gafiya, aka ce tuni ta bar garin.

Ranar kai amarya, Jimina ta rantse sai ta je da ƙafarta. Ta ci ado, ta miƙe, ta taka rairayi mai zafi a ƙofar gida. Nan take ta zube tana salati.

Amarya ta leƙo daga cikin mayafi tana hawaye. "Inna, in ba ke, wa zai kai ni?"

Jimina ta sunkuyar da kai.

Agwagwa ta yi dogon numfashi. "Ni dai na shiga uku da ke. Ku kawo amalanken kayan ɗaki."

Haka aka ɗora uwar biki a tsakanin tukwane da kwalla, dogayen ƙafafunta suna leƙowa waje, naɗe da tsumma. Agwagwa ta shige gaba riƙe da amarya, tana tafiyarta ta rangaji, mata suna guɗa. Duk inda aka gifta sai ka ji ana tambaya, "Me ya sami ƙafar Jimina?" Ita kuwa ta ja gyale ta rufe fuska har aka isa.

Sai da aka watse ta kira Agwagwa da ƙaramar murya.

"Ƙanwata, dutsen nan... yana nan kuwa?"

"Yana inda kika jefar da shi. In kin warke, ki je da ƙafarki ki ɗauko."

Darasin wannan labari shi ne, kaushin da ya daɗe yana taruwa ba ya fita a yini guda. A jiƙa ƙafa, a goge da dutse a hankali, a shafa mai. Kada a sa reza, kada a zuba maganin da ba a san asalinsa ba, in kuma da ciwo a ƙafar a nemi ma'aikacin lafiya. Sannan wanda yake damun ka da faɗan gaskiya a gida ya fi baƙon da ya zo yana zuga ka don ya sayar da kayansa.