Garin Masu Rabin Bindiga

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa mai faɗi, tun bindiga ba ta koyi gaggawa irin ta yau ba. A wancan lokaci sai mutum ya tsaya ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya daka da ƙarfe, sa'an nan ta yarda ta yi magana sau ɗaya, ta koma ta yi shiru. An sha cewa ƙari nake yi idan ina ba da wannan labari, alhali duk unguwar nan ba mai riƙe zance da amana kamata. To, na yafe. Ku dai matso.

Sarkin nan yana da ɗan'uwa na shan nono, wani mai fara'a ana ce masa Bagudu. Wata rana dokin Bagudu ya tsinke ya shiga gonar wani mutum. Magana ta yi tsami, mai gona kuwa yana da bindiga a ɗure saboda birai. Kafin fushinsa ya sauka, Bagudu ya riga ya sauka ƙasa. Aka iske mutumin rungume da gawar yana kuka, yana cewa shi tsoratarwa kawai ya yi nufi.

Da aka gama zaman makoki, sarki ya tara fada ya ce, "Daga yau ba bindiga a ƙasata sai a gidana. Kowa ya kawo tasa."

Wasu suka ce haka ya dace, domin dā can da sanda ake faɗa, a yi targaɗe a warke. Wasu suka sunkuyar da kai suka ce, to manomin bakin daji fa, da birai da kuraye? Ɓarawo kuma zai kawo tasa? Sarki ya ce ya ji, amma cikinsu ba wanda ya wanke gawar Bagudu.

Garuruwa suka yi ta aiko da bindigogi a kan jakuna, har ɗakin ajiyar sarki ya cika. Wani ƙauye kaɗai, Kwarin Ɗinya, ya ƙi aikowa. Sai saƙon baka daga shugaban maharbansu, Sarkin Baka Cindo, cewa a gaya wa sarki su ba su da bindiga, rabin bindiga gare su.

To, wazirin sarkin, Jatau, haifaffen wannan ƙauye ne. Mutum ne mai son kansa: kafin ya gama naɗa rawani sai a dafa tuwo a ci, kuma kullum cikin ƙorafi yake, wai ba a san darajarsa ba. Sarki ya dube shi ya ce, "Waziri, mutanenka ne ke yi mini ba'a?"

Jatau ya dafa ƙirji ya ce, "Ya sarki, yau kuma mutanena ne? Shekaran jiya da suka aiko da zuma, cewa aka yi talakawan sarki ne, ko lasa ban samu ba. Amma ba ba'a suke yi ba. A garinmu, mai fushi ba ya samun bindigar da za ta tashi."

Sarki ya ce, "Za mu gani. Mu je ni da kai a tufafin fatake. In na sami bindiga ɗurarriya a hannuna kafin rana ta take tsaka, kan Cindo nawa ne, rawaninka kuma na wani ne. In ban samu ba, zan saurare su."

Jatau ya ce ya yarda. Sai da suka hau hanya ya fara shakka, domin ya bar ƙauyen tun gemunsa bai fito ba. A kan abin da ya tuna kawai ya jingina wuyan wani da rawaninsa. In tsohuwar da ke riƙe da al'adar garin ta rasu fa? In 'yan baya sun watsar da al'adar fa?

Da hantsi suka gangaro kwarin. Jatau ya ga ɗinyar da suke hawa suna yara, ta fi yadda ya san ta gajarta. Ya ji ƙamshin masara gasasshiya, sai ya tuna ubansa zaune a kan dakali yana goge bindiga da man shanu, yana yi mata magana kamar tsohuwar abokiya. Ya tuna yammacin ganin watan Salla, in an harba ta sama yara su toshe kunne suna ihu, hayaƙi ya bi gari, kowa ya san gobe akwai shinkafa. A lokacin ƙarar bindiga albishir ce. Ya share ido da hannun riga, ya ce ƙura ce.

Suka iske Cindo a ƙofar gida yana jeme fata. Sarki ya murtuke fuska, ya nuna Jatau ya ce, "Maigida, wannan abokin fataucina ne, ya ci amanata. Ara mini bindigarka in harbe shi."

Jatau ya zabura ya ce, "Ni? Duk faɗin ƙasar nan ba a sami wanda za a harba ba sai ni? Ai ba mu yi haka da kai ba!"

Cindo ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya shiga ɗaki ya fito da bindiga doguwa ya miƙa wa sarki. Ya ce, "Ga ta, baƙo. Mu ba ma hana mai fushi bindiga. In ka hana shi, wuƙa zai ɗauka, ita kuwa ba ta jiran kowa."

Sarki ya yi murmushin wanda ya ci. Jatau ya taɓa rawaninsa kamar mai ban kwana. Sarki ya ce, "To, albarushi fa?"

Cindo ya koma kan fatarsa ya ce, "Af, wannan ai sai wurin Iya. Ba mai kwana da shi a garin nan. Ka ga gidan can a kan tudu? Ka hau."

Jatau ya sauke numfashi har sai da Cindo ya ɗago ya dube shi.

Tudun nan ba ya da tausayi, bindigar kuma ba ta da sauƙi. Sarki ya hau yana haki, wanda za a harba yana biye da shi yana cewa, "In ta yi maka nauyi kawo in riƙe maka." A can suka sami Iya Tabawa, tsohuwa ƙanƙanuwa, zaune a inuwa tana kaɗi, ga wata baƙar tukunya a rufe a gefenta.

Sarki ya ce, "Albarushi nake so."

Ta ce, "Maraba. Tsuguna tukuna, ba a yi mini magana daga sama, wuyana na ciwo." Ya tsuguna. Ta ce, "Ina kwana? Ina gajiya? Yaya hanya? Yaya mutanen gida? Ruwa ya sauka wajenku? Tsohuwarka na da rai? Ƙafarta na damunta? A dafa mata ganyen sabara." Ta gaishe shi har da dabbobinsa. Sa'an nan ta dama masa fura, ta ce ba a ba mai jin ƙishirwa albarushi, hannunsa zai yi rawa. Ya sha, yana satar kallon rana.

Ta ce, "To, ɗan nan, tambayoyina kaɗan ne, kowa ma su nake yi wa. Me za ka harba?"

Ya ce, "Wancan."

Ta ce, "Wa zai ci?"

Ya ce, "Ana cin mutum ne?"

Ta ce, "Ashe ba don abinci ba ne. Yana cin gonarka ne yanzu haka, ko yana ɗauke da akuyarka a baki?"

Ya ce, "Ga shi kina gani a zaune."

Ta ce, "Ashe ba don tsaro ba ne. Mai biri da mai kura, ko zama ba na bari su yi, awo nake yi musu su ruga. Kai naka na fushi ne. Shi ma ina bayarwa, amma da sharaɗi ɗaya: sai ka je wurin uwar wanda za ka harba, ka gaishe ta, ka gaya mata da bakinka. In ka dawo, tukunya a buɗe take."

Sarki ya ce, "Mutum nawa suka dawo?"

Ta ce, "Suna dawowa mana. Ƙwaryar fura suke maido mini."

Sarki ya ce, "Wannan wasa ne, Iya. In 'yan fashi suka faɗo garin fa? Gaisuwa za ki tsaya yi har su gama?"

Ta ajiye mazari. Ta ce, "In an yi kururuwa, tukunya da kanta take sauka dandali, kowa ya ɗiba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, akwai jinkiri. Wata shekara sun zo, kafin a sauko da ita sun kori shanu, sun sari mijina. Da bindigarsa a ɗure take, wataƙila da yana nan yana damuna da tari. Bayan an binne shi gari ya taru aka ce a fasa tukunyar, kowa ya riƙe nasa. Na ce su ƙirga mini: ɓarayi sau nawa suke zuwa a rayuwar mutum, fushi kuma sau nawa yake zuwa a mako? Aka bar ta."

Sarki ya ɗaga kai ya ga inuwa ta kusa komawa ƙarƙashin ƙafa. Sai fushin da ya aro ya zama na gaske. Ya miƙe, ya yaye mayafi, ya ce, "Ke tsohuwa, ni ne sarkin ƙasar nan! Buɗe tukunyar nan yanzu!"

Jatau ya runtse ido. Shi ke nan, kan Cindo ya tafi, rawani ya bi shi.

Iya Tabawa ta ɗan rusuna ta ce, "Ya sarki, Allah ya ba ka nasara. Tukunya taka ce, har da mai tsaronta. Ba ni da ƙarfin hana ka." Ta ture murfin. "Sai dai sharaɗin ya zo maka da sauƙi, ba sai ka yi tafiya ba. Wannan mai kunnuwan Jatau ne, ɗan Ladingo, tun yana hawowa na gane tafiyarsa ta agwagwa. Uwarsa ta rasu, ni na yanke masa cibiya, ni na wanke gawar uwar. Ni ce uwarsa yau. Cindo kuma ɗan cikina ne. Ko wanne ka zo kashewa, ga uwarsa a gabanka. Ka riga ka gaishe ni. Saura ka faɗa."

Sarki ya buɗe baki. Ya dubi fuskarta, ya tuna uwar Bagudu, ranar da ya tsuguna a gabanta ya rasa kalmar da zai fara da ita. Ya rufe bakin. Albarushi na nan a buɗe, bindiga na hannunsa, rana ta take tsaka ta wuce, bai miƙa hannu ba.

Ta ce, "Ya sarki, ni ma in yi tambaya? An ce ka tara bindigogin ƙasa duka a gidanka, albarushi kuma yana kwana ɗaki ɗaya da su. Talakanka in ya yi fushi yanzu, hannunsa wayam, madalla. Kai fa, in ka yi fushi, wane tudu kake hawa? A ƙofar wa kake tsugunawa?"

 Sai sarki ya jingine bindigar a jikin danga, ya koma ya tsuguna yadda ya fara. Ya ce, "Iya, na tsorata da mutum ɗaya mai bindiga a ɗure, sai na mai da kaina shi, na ƙara da ta kowa. Akwai sauran furar nan?"

Da ya koma birni, ya mayar wa manoman bakin daji da maharba bindigoginsu, ya sa kowace unguwa ta zaɓi tsohuwar da ake jin kunyarta ta riƙe tukunya. Masu cewa an yi sake ba su daina ba, masu cewa an matsa ma ba su daina ba, har yau jikokinsu na musu. Albarushin fada kuwa ya sa aka kai shi can ƙarshen gari, gidan uwar Bagudu, ya ce ko shi ya aiko kada ta bayar sai ya zo da ƙafarsa.

Jatau ya tsira da rawaninsa, amma har ya tsufa yana ƙorafi: shi aka kusa harbewa, tsohuwa ta ce masa mai tafiyar agwagwa a gaban sarki, furar ma ko kurɓa ba a ba shi ba. Na san zafin wannan, domin ni ma haka ake yi mini.

An ce sarkin nan, duk sa'ad da aka kawo masa mai laifi yana cikin fushi, sai ya tashi ya zaga gari tukuna. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Adalci shi ne nisan da ke tsakanin fushin mai iko da hannunsa."