Abduljalil da Tayoyi Arba'in da Uku

Akwai wani bawan Allah a unguwar Ruwais, nan Jidda, sunansa Abduljalil. Masu bibiyar wannan shafi da suka san shi, don Allah ku yi kamar ba ku san shi ba. Shi ma ya yi mini alƙawarin zai yi kamar bai karanta ba.

Abduljalil mai kula da ɗakin ajiyar kaya ne a wani kamfani a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta Jidda. Shekararsa arba'in da bakwai, tumbinsa kuwa ya girme shi, don shi ke fara shiga ɗaki kafin mai shi ya yi sallama. Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki. Da wani ne, sai ya sayi takalmi ya riƙa zaga unguwa. Abduljalil sai ya sayo keke.

Ba irin keken da kuka sani ba. Na hanyar tsakuwa ne, mai faɗin taya, ga shi ba nauyi ko kaɗan. An ce in ya jingine shi bai ɗaure ba, iskar teku sai ta kai shi Fot Sudan ba biza. Ya haɗa da hular kwano, da baƙin gilashi, da wani matsattsen wando wanda matarsa Mastura ta ce in ya fita da shi ta ƙofar gaba, ita ta ƙofar baya za ta koma gidansu.

Ya shiga wata ƙungiyar Hausawa masu hawan keke, su goma sha biyu. Kowace Juma'a bayan sallar asuba sukan loda kekuna a motoci su fita kudu da gari, wajen wani tsohon wurin fasa dutse a bakin teku. Kamfanin da ke aikin ya daɗe da tashi, ya bar ramuka, da ɓurɓushin injuna, da hanyoyin tsakuwa masu lanƙwasa tsakanin tsaunuka da ruwa. Wuri ne mai daɗin hawa: teku a dama, jan dutse a hagu, tsakuwa na ƙara ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin taya.

Ƙungiyar tana da usur guda ɗaya, kuma mai usur shi ne jagora. Shi ke gaba, shi ke zaɓar hanya, in ya busa kowa ya tsaya. Badaru ne ya riƙe shi shekara shida, har gwiwa ta ce masa halas, wato ya isa haka. Ranar da ya ce zai sauka, bai rufe baki ba Abduljalil ya ɗaga hannu. Watansa huɗu ke nan da fara hawa.

Badaru ya ce, "Tayyib, to shi ke nan. Juma'a mai zuwa ka ja mu. In ka fita da mu ka dawo da mu cif, kafin kiran sallar Juma'a na farko, usur naka ne."

"Mafi mushkila, ba matsala," in ji Abduljalil. "Taswira tana cikin wayata. Har ramin ɓera tana nunawa."

A cikinsu akwai wani dattijo, Baba Na'ibi, ɗan unguwar Sa'alaba, wanda iyayensa suka zo daga Sudan. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan tifa a wannan wurin fasa dutsen kafin a rufe shi. Kekensa baƙin ƙarfe ne mai kwando da ƙararrawa, irin wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai an kira motar asibiti. A kwandon kullum akwai fulas ɗin shayi da burodin tamis. Kuma kullum shi ne na ƙarshe a layi, yana tafe yana gaisawa da duwatsu.

Dattijon ya ce, "Ya waladi, ɗana, in za ka ja mu, ka bi tayoyi. Wadda ke tsaye..."

Abduljalil ya katse shi da dariya. "Ya ammi, baffana, kai dai ka kula da shayinmu kada ya huce. Zamanin tifa ya wuce. Yanzu tauraron ɗan adam ne ke nuna hanya."

Baba Na'ibi ya yi murmushi, ya kaɗa ƙararrawarsa sau ɗaya.

Ranar Alhamis da la'asar, Abduljalil ya ari a-kori-kurar wurin aikinsu ya tafi duba hanya. Yana so ranar da zai karɓi usur a ɗauki hotuna masu kyau. Sai ya lura da abin da ya ɓata masa rai: tsofaffin tayoyin mota barjat a gefen hanya. Wasu a tsaye an tokare su da duwatsu, wasu a kwance da ƙaton dutse a tsakiya. Duk inda ya saita waya, sai taya ta leƙo cikin hoton.

Ya ce a ransa, wannan ƙazanta ba za ta shiga tarihina ba.

Jama'a, mutumin da a wurin aiki ko kwalin biskit sai ya kira lebura ya ɗaga masa, ranar shi kaɗai ya loda taya arba'in da uku. Ya kwashe su kaf, ya jibge su a bayan tsohon ma'aunin motoci, inda hoto ba zai gan su ba. Ya dawo gida baƙi ƙirin, yana nishi.

Mastura ta dube shi sama da ƙasa, ta kira shi da sunan 'yarsu. "Abu Latifa, keke ka koma ko fanca, kana facin taya?"

"Tsaftace hanya na yi. Shugabanci sai da sadaukarwa."

"Allah ya sa hanyar ta san da haka," in ji ta.

Gari ya waye, Juma'a, iska mai sanyi tana tasowa daga teku. Abduljalil na gaba, usur ɗin aro a wuyansa, yana busa shi ko da dalili ko babu. Tsuntsu ya gifta, ya busa. Raƙumi ya ɗago kai daga nesa, ya busa. An hau tudu, an gangara, an zaga wani ƙaton rami mai koren ruwa, kowa na raha.

A can baya, Baba Na'ibi ya daina gaisawa da duwatsu. Sai waige-waige yake, kamar wanda ya dawo unguwarsu ya tarar an ɗauke masallaci.

Suka iso wajen tsohon ma'auni, inda hanya ta rabu biyu. Ta hagu ta haye dutse, mai gargada, mai nisa. Ta dama kuwa wani farin fili ne shimfiɗe har bakin teku, sumul kamar an goge shi da dutsen guga. Abduljalil ya duba waya. Waya ta ce ta dama ta fi kusa da kilomita shida.

Ƙararrawa ta fara kuka daga baya, ƙiring-ƙiring-ƙiring. Dattijon na taka keke da ƙarfin da ba a san yana da shi ba, yana kira, "Ku tsaya! A nan akwai taya biyar a kwance. Ina suka tafi?"

Abduljalil ya buga ƙirji. "Ni na kwashe shara, ya ammi. Ba sai ka gode mini ba. Yalla, ku biyo ni!"

Ya busa usur, ya sunkuyar da kai kamar ɗan tsere, ya faɗa farin filin nan a guje.

Sauran suka yi cirko-cirko, don Badaru ya riga ya ware hannu ya tare su. Shekara shida yana jan mutane a wurin nan, bai taɓa jin ƙararrawar dattijon ta yi irin wannan kukan ba.

Taku ashirin na farko, Abduljalil ya tafi kamar a talabijin. Daga nan sai ƙasa ta ce ɓurum. Farin nan ashe ɓawon gishiri ne, kaurinsa bai fi na tamis ba, ƙarƙashinsa baƙin taɓo mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mutanen nan suna kiran irin wurin sabkha. Tayar gaba ta nutse, keke ya tsaya, mai keke bai tsaya ba. Ya tashi sama, ya ɗan duba Jidda daga can, ya sauko da ƙafafu. Taɓo ya karɓe shi har cinya.

Ya yunƙura, ya ƙara nutsewa. Ya busa usur, taɓo ya fito ta cikinsa.

"Ya jama'a! Ku kira 'yan kwana-kwana! Ku kira kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan! Iƙamata, katin zamana, tana aljihun baya, kada ta jiƙe!"

Ni dai ba na wurin, amma an ce dariyar da aka yi sai da raƙumin ɗazu ya matso ya ga abin da ake ciki.

Baba Na'ibi ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya jingine kekensa, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga murya. "Daina motsi, ya waladi. Kwanta da baya, ka ware hannuwa kamar mai iyo. Yawwa. To, faɗa mini, ina ka kai tayoyin?"

Murya ta fito ƙasa-ƙasa daga cikin taɓo. "Bayan ma'auni."

"Alhamdu lillahi da ba ka kai su bola ba."

Dattijon ya sa aka yi layi, ana mirgino tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Shi ke shimfiɗa su a kan gishirin, ya taka wannan ya ajiye ta gaba, kamar yadda suke yi a da in tifa ta kafe. Yana aiki yana magana, ba faɗa, kamar mai ba jikoki labari.

"Mu direbobi muka jera su. Lokacin ba waya, ba allo. Taya a tsaye, hanya ce, wuce. Taya a kwance da dutse a cikinta, ƙasa ce mai cin mota. Biyar ɗin nan kuwa, kowace ɗaya tifa ce da wurin nan ya haɗiye. Ta uku tawa ce. Kwana biyu muka yi muna tono."

Da taya ta goma sha tara ya isa wurin Abduljalil. Ya miƙa masa rawaninsa, mutum huɗu suka kama dattijon ta baya, aka ja. Taɓo ya saki Abduljalil da wata ƙara mai kama da tsaki, amma ya riƙe takalmi ɗaya a matsayin tukuici. Aka ciro keken ma. Keken nan da iska ke iya ɗauka, ranar sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Baba Na'ibi ya zuba masa shayi, ya gutsura masa tamis. Sannan ya dubi rana ya ce, "In muka bi ta dutse yanzu, za mu samu Juma'a. Ku biyo ƙararrawa."

Haka baƙin keken nan mai kwando ya shige gaba, ba waya, ba taya ko ɗaya a hanya, sai abin da ke kan dattijo. Nan ya ce a karkata, nan ya ce a sauka a tura. Suna isa inda suka ajiye motoci, ladan na gyara murya. Mutum goma sha biyu cif, takalmi ashirin da uku.

Abduljalil ya cire usur daga wuyansa, ya goge shi da gefen rigar da ta fi usur ɗin datti, ya miƙa wa Badaru. Badaru ya miƙa wa Baba Na'ibi. Kowa ya tafa.

Dattijon ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Ni ina da ƙararrawa, numfashina kuma na hawan tudu ne." Sai ya mayar da shi wuyan Abduljalil. "Riƙe. Amma daga baya za ka riƙa busawa. In wani ya faɗi, ko ya gaji, ko tayarsa ta sace, ka busa mu tsaya. Shekara shida ina can baya, na san aikin ya fi na gaba yawa."

Abduljalil ya sunkuyar da kai. "Ya ammi, ka yafe mini. Ranar nan ka fara faɗa mini, na katse ka."

"Halas, ya wuce. Sai dai Alhamis ka sake aro motar nan. Taya arba'in da uku suna jiran mu, kuma ni nuni kawai zan yi."

Da ya isa gida, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, Mastura ta buɗe ƙofa, ta toshe hanci.

"Abu Latifa, an ba ka shugabancin?"

"An ba ni. Na baya."

"Madalla. Dama can tumbinka ne ke gaba, kai kana biye. Bi ta bayan gida ka yi wanka, liman ba zai jira ka ba."

Yau in ka je wurin, za ka ga tayoyin sun koma mazauninsu, har an shafa musu farin fenti. A wajen ma'auni kuwa, waɗanda ke kwance sun zama shida. Ta shidan Abduljalil ne ya ajiye ta da hannunsa, kuma duk sabon da ya shigo ƙungiyar, shi ke tsayar da shi a wurin ya ba shi labarinta. Sai dai a bakinsa taɓon bai wuce idon sawu ba.

Darasi: Abin da ka tarar a ajiye a hanya, tambayi wanda ya riga ka bin ta kafin ka kira shi shara. Wata tsohuwar tayar, wahalar wani ce aka bar maka don kada ka maimaita. Kuma in dattijo ya fara magana, bar shi ya kai aya. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ya sayi sabon abu a watan nan yana koya wa masu shi yadda ake amfani da shi.