Gonar Da Nehemiya Ya Bari Ba Shuka

Akwai wani mutumin unguwar Majidaɗi mai suna Paul, shekararsa ashirin da biyu a ƙasar waje yana aiki a wata tashar nukiliya mai sayar wa birane wutar lantarki. Aikinsa sa ido a kan allunan ɗakin kula da injin. Tashar kuwa ta wani kamfani ce, ko ƙusa ɗaya ba shi da ita a ciki.

Kewar gida ta daɗe tana cin sa. Yakan tuna wankan rafi a Mayo Gwoi, da masarar da suke gasawa a gonar amininsa Nehemiya, can bakin ruwa.

Da ya zo bikin Ista, jama'a suka kewaye shi. Kun san ɗan'adam da yabo! Nan take baki ya zarce.

"Tashata ce," in ji shi. "Ba ta ɗauke wuta ko na ƙiftawar ido. Zan gina irinta a nan, fili kawai nake nema kusa da ruwa, don injin yana buƙatar sanyi."

Aka yi ta tafi. Nehemiya ma yana wurin, yana ji. Paul ya koma bakin aikinsa, ya ma manta ya yi maganar.

A watan Agusta wani aure ya sake kawo shi gida. Ko hutawa bai yi ba ya nufi gonar, bakinsa har ya fara jin ɗanɗanon masara.

Ina! Ciyawa ce har gwiwa, ga turaku an kakkafa a kusurwoyi. Gonakin maƙwabta kuwa sun yi kore shar.

"Nehemiya, me ya sami gonar?"

"Ai na ajiye maka ne. Na ce kar masu awon fili su zo su tarar da shuka."

Gonar nan ita ke ciyar da mutum bakwai, ga damina ta yi nisa. Kunya ta rufe Paul.

"Ɗan'uwa, ƙarya na yi. Ni ɗan albashi ne. Irin wannan tasha, ƙasa guda ma sai ta yi da gaske kafin ta gina ta."

Nehemiya ya sunkuya ya tuge turke ɗaya.

"Ni fa ba wutar na damu da ita ba," in ji shi. "Da fitilar ƙwai muka girma, ba mu mutu ba. Na ɗauka in ka yi gini a nan, dole ka dawo gida mu tsufa tare."

Paul ya durƙusa cikin ciyawar nan ya fashe da kuka.

Darasi: Cika baki a wurinka hira ce, a wurin mai ƙaunarka alkawari ne. Kada ka ce naka ne abin da aka ba ka tsaro. Ku tura wa 'yan'uwa na nesa, ko wani zai tuna da mai jiransa a gida.