Barmo da Zakara Mai Ƙafa Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta da kunnuwanmu!

To, ku matso. Kai Ɗanlami, janye ƙafarka daga bakin wuta, yau ma labarin ƙafa ne.

An yi wani ɗan kokawa, sunansa Barmo. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, amma haƙuri ko na anini babu. Ko fura a tsaye yake sha. Wata rana ya diro daga kan rumbu da damin gero a ka, sai ga zakaransa a ƙasa. Ya kauce don kada ya taka shi, ƙafa ta gurɗe. Ƙas! Ƙashin gefen ƙafa, na wajen ƙaramin yatsa, ya karye. Damin kuma ya faɗa wa zakara, shi ma tasa ƙafar ta karye.

Aka kira Baba Arzika maɗori. Ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure. Ya yi wa zakara ma nasa ɗorin da tsinke. Ya ce, "Barmo, ƙashin nan ƙarami ne, amma ba ya yafiya. In ka taka shi ɗanye, kai da kokawa har abada."

"Baba, yaushe zan taka?"

Tsoho ya san halin mutuminsa. Ya ce, "Ranar da zakaran nan ya taka, kai ma ka taka."

Ƙashin kaza ba ya daɗewa. Ba a jima ba zakara ya ji ƙafarsa garau. Amma ya dubi ta Barmo, har yanzu a kumbure. Ya ce a ransa, "Don ni aka yi karayar nan." Sai ya ɗage ƙafarsa ya cusa cikin gashi.

Aka watsa tsaba can bakin rumbu, kaji suna ta wawa. Barmo ya ce, "Zakara, zakara, ka taka?"

"Da saura, Barmo, da saura."

Zakaran maƙwabta ya shigo yana yi wa kajin gidan rawa. Wallahi ni da kaina na tausaya wa zakaran Barmo!

"Zakara, zakara, ka taka?"

"Da saura, Barmo, da saura."

Ran nan aka buga gangar kokawa a dandali, jikin Barmo har rawa yake yi. Ya zuba wa zakara ido. A daidai nan muzuru ya diro daga katanga. Yara, da ku ne me za ku yi? Zakara ya san in ya sa ƙafa biyu ya tsira, amma Barmo zai miƙe ya nufi dandali. Ya runtse ido, ya tsaya kan ƙafa ɗaya. Muzuru ya cafki jelarsa. Barmo daga zaune ya wurga akushi, ƙwal, a goshin muzuru. Ya arce da gashi cike da baki.

Zakara yana haki ya ce, "Da saura, Barmo."

Kumburi ya sace, Baba Arzika ya dawo. Ya kwance, ya lallatsa, ya ce, "Taka." Barmo ya taka da sanda, sannan ya taka babu sanda. Da tsoho ya kwance ɗorin zakara sai ya fashe da dariya. "Wannan ai ya warke tun tuni!"

Barmo ya dubi guntuwar jelar nan, ƙaton mutum sai hawaye. Mutane suka ce a yanka zakara a yi miyar murna. Barmo ya ce, "Duk mai son namansa, ya fara kayar da ni."

Har yau ba a samu mai kayarwar ba. Shi ya sa kuke ganin zakara tsaye da ƙafa ɗaya, yana tuna wa mai gaggawa cewa da saura. Mai ƙaunarka shi ne mai yin gurgunta don ka miƙe.

Ƙurunƙus kan muzuru! Ba don Gizo ba, da kun ce na yi ƙarya.