Makiyayi da Karen da Ya Daina Cin Abinci

Akwai wani makiyayi da yake da kare mai suna Duna. Shekara goma sha biyu karen nan yana bin tumakinsa, yana korar diloli, yana komo da wadda ta ɓace. Kowace yamma makiyayin yakan watsa ƙashi da ƙanzo a tsakar gida, Duna da ƙananan karnuka biyu su ci.

Ana nan sai Duna ya daina ci. Yakan shinshina ƙashin, ya koma gindin rumbu ya kwanta, ƙananan su cinye. Ya rame har haƙarƙarinsa suka fito. Makiyayin ya samo masa babban ƙashi wurin mahauta, shi ma bai taɓa ba.

Zuciyar makiyayin ta karaya. Ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, kwanan Duna ya ƙare. Ranar kasuwa zan kai shi wurin masu sayen karnuka, ba na iya kallonsa haka."

Tsohuwar ta ce, "Ka duba bakinsa kuwa?"

Ya ce, "A'a."

"To, duba tukuna."

Ya durƙusa ya buɗe bakin karen. Haƙoran sun zube saura kaɗan, dasashi duk ya kumbura.

Tsohuwar ta ce, "Yunwa yake ji, ɗana, taunawa ce ta gagare shi. Ni na san wannan, kai ba ka kai ba tukuna."

Makiyayin ya ji kunya ƙwarai. Ya dafa nama ba gishiri ba yaji, ya cire ƙasusuwan, ya yayyage shi, ya jiƙa tuwo cikin romon har ya yi laushi. Ya kai wa Duna a gindin rumbu, ya zauna kusa yana korar ƙananan. Karen ya lasa sau biyu, ya huta, ya sake lasa. Haka ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau uku a rana, da kaskon ruwa a gefensa.

Haƙora ba su dawo ba, gudu ma bai dawo ba. Amma kafin wata ya cika, Duna ya tashi ya raka tumaki har bakin rafi.

Ga ma'anar misalin nan. Ba da kare muke kwatanta iyayenmu ba, mu ne makiyayin nan. A cikin ikkilisiyarmu akwai tsofaffin da suka daina zuwa sujada, muka ce bangaskiyarsu ta yi sanyi. Ba mu duba ba. Wani kunnensa ba ya kama wa'azi, wata idonta ba ya ganin rubutu, wani kuma ƙafa ce. Suna jin yunwar Maganar Allah kamar dā. Allah bai gaji da su ba don ƙarfinsu ya ragu.

Saboda haka a makon nan, kowa ya nemi tsoho ɗaya. Ka zauna kusa da shi, ka karanta masa aya guda a hankali, ka ɗaga murya. In ya ce ka maimaita, ka maimaita.