Mai Gari Jatau da Marayun Kwando Ɗaya

An yi wani mai gari a Gangaren Marke, sunansa Jatau, a zamanin da dabbobin gida ba su daina sa baki cikin maganar mutane ba. Mutum ne mai son a ce ya yi adalci. In aka kawo masa goro ɗaya mutum biyar na zaune, sai ya sa wuƙa ya raba shi biyar, ko da wani zai tashi da abin da bai fi ƙwayar dawa ba. An ce ko takalmansa ba ya yarda ɗaya ya riga ɗaya tsufa. In na dama ya tsinke, sai ya tsinke na hagu da hannunsa, a kai wa baduku su biyun.

Wata damina kyanwar gidansa ta shiga rumbu farautar ɓera, maciji ya sare ta, ta mutu ta bar 'ya'ya uku, ko ido ba su gama buɗewa ba. Ana cikin haka sai ga masu noma da 'yan zomo uku a cikin hula, suka ce karensu ne ya kashe uwar a bakin gona. Jatau ya dubi waɗannan, ya dubi waɗancan, ya ce ai maraya maraya ne. Ya sa aka shimfiɗa auduga a kwando ɗaya, ya zuba su duka a ciki.

Da kansa yake renonsu. Yakan ɗuma nonon akuya a ludayi, ya tsoma tsumma, ya riƙa ɗiga musu a baki. Duk sa'ad da 'yan kyanwa suka yi kuka, kowa sai ya sha, har zomayen da ba su ce komai ba. In zai fita zaure sai ya zuba su a aljihun rigarsa, kuma duk baƙon da ya shafa ɗan kyanwa, dole ya shafa ɗan zomo, don kada a yi zalunci.

'Yan kyanwa suka yi ɓul-ɓul. 'Yan zomo kuwa ciki ya kumbura, idanu suka zazzaro, jiki kullum yana rawa. Wata safiya aka tarar ɗaya ya mutu.

Ranar bayan azahar ruwa ya sauka ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, rufin rumfa yana ɗiga a hankali. Jatau ya kishingiɗa a tabarma da zomaye biyun da suka saura a ƙirjinsa, gyangyaɗi yana ɗibarsa yana saki. Ya riga ya yanke shawara: laifin na ƙarancin kula ne, don haka daga yau zai ninka musu nono, kuma ba za su ƙara sauka daga jikinsa ba.

Sai ya ji an yi gyaran murya daga gindin randa. Tsohon kunkurun gidan ne, wanda tun kakan Jatau yana yaro yake nan, shi kaɗai ne a garin yake kiran mai gari da sunansa.

"Jatau, jikana, me waɗannan bayin Allah suka yi maka?"

"Kaka, ka farka ke nan? Na zaci sai kaka."

"Ni ba na barci, tunani nake yi. Tambayarka na yi, me suka yi maka?"

"Renonsu nake yi. Abin da na ba 'yan kyanwa shi na ba su, ko ɗigo babu bambanci."

"Haka ne, na gani. Ni da na san zomo tun kunnuwansa ba su yi tsawo ba, ni na ja masa su ranar da na wuce shi a tsere."

"Kai ɗin? Daga randa zuwa nan kakan yi rabin yini."

"Ina tsayawa gaisawa da mutane ne. Bar wannan. Ka taɓa jin labarin Tabawa mai kiwon zabi?"

Jatau ya ce bai ji ba. Kunkuru ya miƙe wuya, ya lumshe ido, ya ce, "To, ka saurara da kunnen da ba ka kwanta a kansa ba."

Kunkuru ya ce, a wani ƙauye na bakin tafki an yi wata mace, Tabawa, mai tausayi har ya yi mata yawa. Wata shekara ta sa wa kazarta ƙwan agwagwa da ƙwan zabo ta kwanta a kai. Suka ƙyanƙyashe, kazar kuma shaho ya ɗauke ta, reno ya dawo kan Tabawa. Da safe sai ta ga 'yan agwagwa sun gangara tafki, suna yawo a kan ruwa kamar furen bado da iska ke turawa, 'yan zabi kuwa suna tsaye a tudu suna tsiwa. Abin ya taɓa mata zuciya. Ta ce uwa ɗaya ta kwanta musu, don me wasu za su ji daɗin ruwa wasu su tsaya kallo? Sai ta ɗauko babbar ƙwarya ta cika da ruwa, ta riƙa tsoma 'yan zabin ɗaya bayan ɗaya kowace safiya. Ɗan zabo kuwa in sanyin ruwa ya shige shi, sai ya saki fiffike. Suka fara mutuwa. Tabawa ta ce wankan ne bai ishe su ba, ta ƙara da na yamma.

Ana nan sai ƙwaryar ta tsage. Ta kira wani gyartai mai wucewa, Nomau, ya zauna a ƙofar gida yana ɗinke ta. Ya dubi 'yan zabin da suka saura a jiƙe, ya ce, "Inna, me ake zubawa a ƙwaryar nan, fura ko nono?"

Ta ce, "Zabi."

Nomau ya ajiye basilla. Ya ce, "To ɗinkin nan zai ɗan jira. In kin yarda in ba ki labarin ƙarar da Kyanwa ta kai Zomanya, wanda na ji a wani gari da na yi ɗinki."

Tabawa ta ce, "Faɗi, amma kada ka ƙara mini kuɗin aiki."

Nomau ya ce, wata kyanwa ce ta fita yawo bayan gari da hantsi, sai ta ci karo da 'yan zomo biyu a cikin ciyawa, sun lafe, ba motsi, ba uwa kusa. Ta zauna ta jira, rana ta take, ba wadda ta zo. Kyanwa ta ce, wace irin uwa ce wannan? Ni ko ruwa zan sha, kunnena yana wajen nawa. Sai ta ɗauke su a baki ta kai su bayan murhu inda nata suke. Ta lashe su, ta tura musu nono, ta sake musu wuri, ta ƙara sake musu wani, tana yi musu gurnani don su ji sanyi a rai. Su kuwa duk lasa ɗaya sai su ɗauka yanzu za a cinye su. Suka ƙi kama nono, zuciyarsu tana bugawa har ana gani ta fata.

Da rana ta yi ja, Zomanya ta zo wurin da ta bar 'ya'yanta, ba su. Ta bi sawu har bayan murhu. Kyanwa ta ce ba za ta mayar wa mai sakaci 'ya'ya ba, sai dai a je shari'a. Suka tafi gaban wani tsohon gawo da ke tsakiyar gonaki, wanda dabbobi ke kai wa ƙara. Damina ce, kowane itace ya yi kore shar, shi kaɗai yake tsaye ba ganye, hasken yamma yana bi ta tsakanin rassansa.

Gawo ya ce, "Zomanya, ina kike yini?"

Ta ce, "Nesa da su, ranka ya daɗe, amma inda nake hango ciyawar. Su ba su da wari, ni ina da shi. In na zauna kusa, dila zai biyo ni ya same su. In rana ta faɗi nakan zo, su sha sau ɗaya su ƙoshi, nonona mai kauri ne, yana kai su gobe. Sannan in tafi ban waiwaya ba, kuma tafiyar nan ta fi mini komai wuya."

Kyanwa ta ce, "To ni da na rungume su, laifi na yi?"

Gawo ya ce, "Dube ni. In da mai tausayi zai zo ya ɗaura mini ganye yanzu don ya ga 'yan'uwana da nasu, da ya cuce ni, ya cuci geron da ke ƙarƙashina. Ke naki suna rayuwa ne da jikinki, ita nata suna rayuwa da nisanta. Mayar mata."

Nomau ya ɗauki basillarsa ya ce, "Inna, ke ma kin ɗaura wa gawo ganye. In gama ɗinkin, ko in bar ta a tsage?"

Tabawa ta dubi 'yan zabin. Can ta ce, "Gama. Fura zan dama a ciki." Ta kwashe 'yan zabin ta kai akurki, ta zuba musu busasshen yashi da tsaki. Kaɗan ne suka kai girma, amma waɗanda suka kai sun cika mata tsakar gida da kuka har maƙwabta suka yi ƙorafi.

Kunkuru ya buɗe ido ya ce, "Ita Tabawa sai da ƙwarya ta tsage kafin ta ji. Kai kuwa ɗaya ya riga ya mutu a hannunka, ga biyu nan kana niyyar ninka musu wankan."

Jatau ya tashi zaune. Ya dubi zomayen a tafin hannunsa, ya ji zuciyarsu tana bugawa a yatsunsa, da sauri, kamar ta tsuntsun da aka kama. Da can yana ɗauka murna ce.

Ya ce, "Kaka, in na raba su, garin nan za a ce Jatau ya bambanta marayu. Waɗannan a ƙirji, waɗancan a duhu."

"Za a faɗa. Ka zaɓa, ko a faɗi haka, ko a ce ya binne su daidai wa daida."

Jatau ya sake duban zomayen. Ruwan rufin rumfa ya ci gaba da ɗiga.

Can ya ce, "To yaya ake yi?"

"Yanzu ka yi tambaya. Akwai ɗakin nan na bayan rumbu da ba a shiga. Ka kwantar da tsohuwar tukunya a gefenta, ka cusa busasshiyar ciyawa, ka sa su. Nono kaɗan da asuba, kaɗan da magariba, ka ba su ka fito. Ka ajiye musu ɗanyar ciyawa da ganyen gyaɗa a bakin tukunyar. Ba baƙo, ba aljihu, ba shafa. 'Yan kyanwa kuwa ka goya su in ka ga dama, su haka suke so."

Haka Jatau ya yi. Ya sa su, ya saki asabari, ya fito. Bai kai rumfa ba ya juyo, wai ya manta ko ya gyara ciyawar. Sai ya tarar da Kunkuru kwance a bakin ƙofa, ya toshe hanya.

"Yaushe ka iso nan?"

"Na gaya maka na wuce zomo, ka ƙaryata ni. Koma."

Ya koma. Kwanakin nan sun yi wa Jatau tsawo. Baƙi suka riƙa tambaya ina zomaye, yana cewa suna hutawa. Hannunsa yakan kai aljihu ya tarar da 'yan kyanwa kaɗai, su kama yatsansa su ciza. Ƙaramin zomon bai tashi ba, kumburin ya riga ya ci shi, Jatau ya binne shi a gindin katanga ba tare da ya gaya wa kowa ba. Babban kuwa cikinsa ya saɓe. Wata asuba Jatau ya tarar an gutsuri ganyen gyaɗa, ya fito yana murmushi shi kaɗai. Daga nan zomon ya ƙi nono, sai ciyawa. Daga nan kuma in ya ji tafiyar mutum sai ya shige tukunya, abin da ya ɗan sosa wa Jatau rai, amma Kunkuru ya ce alamar lafiya ce.

Da gero ya fara fitar da kai, wata yamma Jatau ya ɗage asabarin ya bar shi a ɗage, ya koma can gindin randa ya zauna kusa da Kunkuru. Sararin sama ya yi ruwan goro, hayaƙin girki yana kwance a kan rufin gidaje. Zomon ya leƙo. Ya tsaya da ƙafafun baya, kunnuwansa suna juyawa, haske yana ratsa su. Ya yi tsalle ɗaya, ya tsaya, ya ƙara, har ya kai magudanar ruwa da ke gindin katanga, wadda ta fita gona.

Jatau ya buɗe baki zai kira shi. Sai ya rufe, ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu. Zomon ya shige magudanar, ganyen gero ya ɗan motsa daga waje, sannan ya tsaya.

Wani ɗan kyanwa ya hau cinyar Jatau, ya zagaya, ya kwanta.

Jatau ya ce, "Ko waiwaye bai yi ba, Kaka."

"Da ya waiwaya, da aikinka bai yi kyau ba."

Jatau ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Na yarda. Wannan a cinya, wancan a gona, kuma ban cuci kowa ba."

Kunkuru ya ja wuyansa ciki, muryarsa ta fito daga cikin ƙoƙo. "To tunda ka gane kowa da abin da ya dace da shi, ni nawa kabewa ce. A yanka ta da kauri."