Gafarar da Aka Yanke

Akwai wani manomin citta a wani ƙauye, sunansa Kefas. Mutum ne mai baki, irin wanda in ya fara hira a bakin gona sai masu noma su jingina da fartanya su manta rana tana yi. Wata shekara sai ya ce a ransa, “Wannan hira da iska ke kwashewa a banza, me zai hana in naɗe ta?” Sai ya fara shirin murya, irin wanda ake ɗorawa a intanet kowa ya saurara a wayarsa lokacin da ya ga dama, wanda ’yan zamani ke kira fodkas.

In za a faɗi gaskiya, ya fara da kyau. Bai tsaya jiran manyan kayan aiki ba, wayarsa ce kawai da ɗan makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga. Da ya ji muryarsa tana amo a falo kamar yana magana a cikin randa, sai ya koma ɗakin ajiya inda buhunan masara ke shanye amon, ya rataya tsohon bargo a ƙofa. Ya koyi jira sai injin niƙa na maƙwabta ya yi shiru kafin ya fara ɗauka. Bai yi ta tsalle-tsalle ba, yau siyasa gobe ƙwallo. Noma ya sani, a kan noma ya tsaya. Kowace ranar kasuwa sabon shiri yana fitowa, ko ana ruwa ko ana rana, har mutane suka saba jiransa. Wanda ya aiko da tambaya sai ya ambaci sunansa ya ba shi amsa. In kuwa ya gayyato baƙo, yakan yi tambaya ya kama bakinsa, ya bar mutum ya faɗi abin da ke ransa.

Masu sauraronsa ba su da yawa, amma nasa ne, sun kuma amince da shi. Sai dai Kefas bai ga wannan albarka ba. Wani ciwo ya kama shi, ciwon leƙa waya. Kafin ya yi addu’ar safe sai ya duba ko an ƙaru, yana cin tuwo yana dubawa, har a cikin sujada hannunsa yana aljihu. In ya ga ba a ƙaru ba, ranar nan ko gaisuwar kirki ba za a samu daga gare shi ba.

Yana da wani aboki mai suna Gidiyon da ke zaune a birni. Da ya zo gida hutu ya ji kukan Kefas, sai ya yi dariya ya ce, “Kai ma dai, mutumina! Wa zai zauna ya ji dogon shiri bai san abin da ke ciki ba? Ka nemo wurin da ya fi zafi a cikin hirar, ka yanko shi ɗan guntu, ka watsa a guruf-guruf na hira a waya tun kafin shirin ya fito. Guntun nan shi zai jawo maka su.” Shawarar ba ta da laifi, masu shiri da yawa haka suke yi. Abin dubawa shi ne inda mutum zai sa wuƙar.

To, a ƙauyen nan akwai wani dattijo, Baba Irimiya, wanda tsufa ya cinye masa ƙafafu. Yana da ƙane guda, Filibus. Shekaru da yawa da suka wuce, lokacin da Baba Irimiya yake kwance rai a hannun Allah, Filibus ya sayar da fadamar da mahaifinsu ya bar musu, ya bar gari. Ya je wani gari mai nisa ya zauna, ya gyara halinsa, har ya zama cikin dattawan ikkilisiya a can. Amma bai taɓa sake taka ƙauyen ba. Baba Irimiya ya sha aika masa mutane, shi kuwa da ya hango ɗan ƙauyensu sai kunya ta sa ya ɓuya.

Rannan sai ga Baba Irimiya ya dogaro sanda har ƙofar Kefas. Ya zauna ya huta, sa’an nan ya ce, “Ɗana, an gaya mini ƙanena ba ya barin shirinka ya wuce shi, wai a nan yake jin muryar gida. Ƙafata ba za ta kai ni wurinsa ba, manzannina kuma yana guje musu. Ina da magana da nake so ta shiga kunnensa kafin Ubangiji ya kira ni. Za ka kai mini?”

Kefas ya ce, “Zan kai, Baba. Kada ka damu.”

Suka shiga ɗakin buhuna, ya maƙala wa tsohon makirfo. Baba Irimiya ya fara da labarin fadamar, irin shinkafar da take bayarwa, da yadda su biyu suke korar tsuntsaye suna yara. Can sai ya juyo kan abin da ya raba su. Ya ce, “Filibus ya cuce ni. Ina kwance ban san inda kaina yake ba, ya sayar da gonar ubanmu. ’Ya’yana sun kwana da yunwa saboda shi, matata ta mutu da baƙin cikin abin nan.”

Sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo, har Kefas ya ɗauka tsohon ya gama. Sa’an nan ya ja numfashi ya ce, “Amma na yafe masa. Na yafe tun tuni, shi ne bai sani ba. Filibus, in kana jina, ƙasa ce kawai, an sayar an gama. Kai ne ba ni da wani kamarka. Ka dawo gida mu ci tuwo a kwano ɗaya, ɗakinka yana nan.” Kefas kansa sai da ya share hawaye da bakin riga.

Washegari ya zauna gyaran shirin. A fuskar waya murya takan fito kamar tudu-tudu, shiru kuwa ya miƙe sambal kamar igiya. Kefas ya ga tudun zargi, ya ga dogon shirun, ya ga tudun gafara a bayansa. Maganar Gidiyon ta faɗo masa. Ina wurin da ya fi zafi? Ai ba sai an nema ba. Zuciyarsa ta ce masa, “Kai, wannan ba daidai ba ne.” Shi kuma ya ba ta amsa, “Ai ba ƙarya na yi ba, da bakinsa ya faɗa. Kuma ranar kasuwa cikakken shiri zai fito, kowa ya ji ƙarshen. Ba ma taimakon Baba na yi ba? In mutane sun yi yawa, saƙon ya fi saurin kaiwa.” Haka mutum yake yi wa kansa wa’azi in ya riga ya yi niyyar ɓarna. Ya sa yatsa a tsakiyar shirun nan ya yanke. Bai koma ya sa wa tsohon ya ji ba, don ya san abin da zai ce. Ya watsa guntun.

Wayyo! Abin da Kefas ya daɗe yana roƙo ya samu. Kafin rana ta faɗi guntun ya gama ƙauyen, ya tsallaka ƙauyukan kewaye. Masu babur suna kunna shi a tasha, mata suna turawa a guruf na zumunta, wani ma ya nemo hoton Filibus ya liƙa a kai. Wayar Kefas ba ta huta ba, shi kuma sai murmushi yake yi.

Ranar kasuwa ya ɗora cikakken shirin kamar yadda ya saba. Mutane suka yi dafifi, suka ji labarin shinkafa da tsuntsaye, suka ƙosa. Waɗansu suka tsallaka zuwa wurin zargin, suka sake jin abin da suka riga suka ji, suka kashe. Kaɗan ne ƙwarai suka kai ga gafarar, su ma ba wanda ya tura ta ko’ina. Wa ke tura gafara? Ba ta sa dariya, ba ta sa a riƙe baki.

Sai a lokacin Kefas ya gane ɓarnar da ya yi. Ya hau mota ya tafi garin da Filibus yake, ya yi tambaya har aka nuna masa gidan. Ya same shi zaune a tsakar gida, tsoho mai furfura, ya rame kamar wanda ya tashi daga ciwo. Kefas ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi sunansa.

Filibus ya ce, “Na san muryarka. Dā kullum a kunnena take, amma tun da guntun nan ya fito ban ƙara kunna shirinka ba.”

“Baba, abin da ka ji rabi ne. Ga cikakken nan na kawo maka. Don Allah ka saurara, yayanka ya yafe maka.”

Filibus ya dube shi ya ce, “Abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne, na yi. Ba na musu. Shekarun nan duka ina tara ƙarfin zuciya, na kuma riga na gaya wa iyalina bana zan je gida sujadar godiyar girbi in faɗi a ƙafafunsa. Sai ga shi jikokina sun ji a wayar abokansu cewa kakansu ya kashe matar wansa da baƙin ciki. Ranar Lahadi na shiga sujada, aka matsa aka bar mini benci ni kaɗai.”

“Laifina ne, Baba, ni na yanke. Ka ji sauran kawai.”

“Kai ka yanke.” Tsohon ya gyaɗa kai. “To, wanda ya iya yanke magana ai ya iya ɗinka ta. Yaya zan san wannan gafarar ba yau ka haɗa ta ba, da ka ga abin ya ɓaci? Ko kuwa ka je ka lallaɓa tsoho ya ƙara maka, don ka wanke kanka? Mai da wayarka aljihu, yaro. Daga bakinka ba zan ƙara gaskata kome ba.”

Kefas ya yi roƙo, ya yi rantsuwa, ya yi kuka. Filibus ya tashi ya shiga ɗaki.

Da Kefas ya komo ƙauye bai iya wucewa gida ba, ya biya wurin Baba Irimiya. Tsohon ya riga ya ji guntun, a wayar wani mai babur ya ji muryar kansa. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi, “Ya ji sauran?”

“Ya ƙi ji, Baba.”

Baba Irimiya ya ce, “Dā kunya ce kaɗai a tsakaninmu, ina kuma sa rai za ta ƙare. Ni na ɗauko maganata da ƙafata na kawo maka. Tashi ka tafi, ɗana.”

Aka yi godiyar girbi, Filibus bai zo ba. Kafin damina ta kewayo Baba Irimiya ya rasu, a wurin jana’izar ma ba a ga ƙanensa ba. Shirin Kefas kuwa ya bunƙasa, masu sauraro suka cika fal. Amma ba mai tambayarsa yadda ake hana citta ruɓewa kuma. Abin da suke aiko masa shi ne, “Asirin wa za a tona wannan makon?” Ba kuma dattijon da ya ƙara yarda ya zauna a ɗakin buhunan nan.

Ya ku ’yan’uwa, ma’anar wannan misali ita ce, magana amana ce, kuma ana iya yin ƙarya da zallar gaskiya. Kefas bai ƙara ko kalma ɗaya a bakin tsohon nan ba, duk da haka shaidar zur ya yi a kansa. Baba Irimiya shi ne duk wanda ya amince da kai ya buɗe maka zuciyarsa. Filibus shi ne mai zunubin da yake kan hanyar tuba, saura ƙiris ya iso, sai mu da muke kiran kanmu masu bi mu tare masa hanya. Abin yana ba ni haushi, domin ba a wajen ikkilisiya ake yin wannan ba, a cikinmu ne.

Na san da yawa cikin matasanmu kuna so ku fara irin wannan shiri, ina kuma cewa ku fara. Ku yi koyi da farkon Kefas. Ku yi aiki da abin da ke hannunku, ku nemi wuri marar hayaniya, ku tsaya a kan abin da kuka sani, ku riƙe ranarku kada ku saɓa, ku girmama ’yan kaɗan ɗin da Allah ya ba ku. Guntun talla ma ba zunubi ba ne, ku yanka. Amma ku yanko abin da yake wakiltar dukan maganar, ku kuma sa wa baƙonku ya ji da kunnensa kafin duniya ta ji. Ku sani guntun zai je inda cikakken ba zai taɓa zuwa ba. Irin abin da kuka jawo mutane da shi kuma, shi za su riƙa nema a wurinku har ku rasa yadda za ku yi da su.

Ku kuma da ba ku da shiri, kada ku ce ba da ku ake ba. Kefas shi ya yanke, amma ba shi kaɗai ya kai guntun nan kunnen jikokin Filibus ba. Yatsun masu zuwa sujada ne suka yi ta turawa. Ke da kike kwaso rabin abin da maƙwabciyarki ta faɗa ki kai wa wata, kai da kake faɗin laifin ɗan’uwanka ka haɗiye tubansa, aikin Kefas kuke yi ba tare da makirfo ba. Ubangiji kuwa ba ya sauraron guntu, yana jin magana daga farko har ƙarshe, zai kuma tambaye mu rabin da muka zubar. Saboda haka, kafin ka tura maganar wani, ka tambayi kanka, in mai ita yana tsaye a bayanka yana ji, zai ce, “I, abin da na faɗa ke nan”? In ba zai ce haka ba, ka janye yatsanka.